Kuncin Yarinyar Ɗaki na Uku

Ornella Bardazzi ta shekara ashirin da bakwai tana riƙe da makullan Gidan Tarihi na Tinghi, gidan da ko 'yan garin ma da yawa ba su taɓa shiga ba. Ɗakuna huɗu ne a tsohon gidan marayu da ke bayan kasuwar kifi, cike da aikin masassaƙan da suka rayu shekaru ɗari biyar da suka wuce, waɗanda sunansu bai kai na mutanen birnin Firenze ba. Akwai Maryamu ta farin dutse guda uku, da wani waliyyi mai karyayyen hannu, da kawunan attajirai masu dogon hanci. Baƙon da ya shigo, yawanci ruwan sama ne ya koro shi, ko kuwa jirgin ƙasan ƙarfe biyu ya tafi ya bar shi. Ornella takan yaga masa tikiti, ta riƙa kunna masa fitilu ɗaki bayan ɗaki, in ya wuce ta kashe.

Abin da ya sa matan unguwa suka san ƙofar gidan yana ɗaki na uku. Kan wata yarinya ne da kafaɗunta, na gasasshen yumɓu, daidai girman mutum, kwance a kan matashi shi ma na yumɓu. Idanunta a rufe, leɓunanta sun ɗan rabu. Takardar da ke jikin bango ta ce: Yarinya tana barci, ba a san wanda ya yi ba, wajen 1480. Tun zamanin kakanni, jaririn da ya ƙi barci nan ake kawo shi. Mai gadi ya ɗaga igiyar da ta kewaye teburin, uwa ta kama hannun jaririn ta ɗora a kuncin yarinyar na hagu, ta ƙirga goma a zuci, shi ke nan. Doka ta hana taɓa kayan tarihi, kowa ya sani. Daraktoci sun zo sun wuce, kowannensu ya koyi rufe ƙofar ofis in ya ji kukan jariri a matakala.

Ornella 'yar mai gyaran takalma ce, a unguwar aka haife ta a 1961. Ta yi aiki a masaƙa har ta auri Duilio, makanikin motocin bas na gari. 'Yarsu ɗaya, Viola, wadda a watanninta na farko ta hana mutanen bene guda runtsawa, har mahaifiyar Ornella ta naɗe ta a bargo ta ce su tashi su je Tinghi. Ornella da kanta ta ɗora hannun. Viola ta rasu a watan Maris na 1994, tana da shekara shida. Sanƙarau ne, kwana uku tsakanin ciwon kai da jana'iza. Bayan shekara guda tsohon mai gadin ya yi ritaya, Ornella ta nemi aikin, aka ba ta, don ba wanda ya nema sai ita.

Kowace Litinin, ranar da gidan ke rufe, takan share ƙura da buroshin gashin akuya, ta fara daga Maryamu ta farko ta ƙare a kan yarinyar. Ba ta yi mata magana, Ornella ba irin wannan matar ba ce. Hannunta ne dai yake rage sauri in ta zo nan. Jariran da ta ɗaga wa igiya ba ta san yawansu ba. Wasu sun dawo da nasu jariran.

Hannayen jariran nan su suka jawo abin da ya faru. Kuncin hagu ya yi baƙi yana sheƙi kamar gindin tukunya, har darakta mai ci, Dottore Fabbrini, ya nemo mai gyaran kayan tarihi daga Firenze. Dottoressa Lenzi ta zo wata Litinin ta watan Afrilu, mace ce 'yar shekara arba'in, da akwatin kayan aiki da fitila ɗaure a goshi, tana tsotsar alawar na'ana'a. Ta sunkuya ta dubi kuncin.

"Sinyora, ƙwai ake soyawa a nan?"

"Hannun jarirai ne, Dottoressa."

"Jarirai nawa?"

"Duk wanda kika gani a kasuwa yana tafiya da ƙafarsa."

"Ban ji ba. In na ji sai na rubuta." Ta sa safar hannu, ta miƙa wa Ornella wata. "Kama mini kafaɗar dama. Za mu juyar da ita a kan soson nan, ina so in ga cikinta."

Ornella ba ta taɓa ɗaga yarinyar ba. Ta yi zaton nauyi, sai ta ji ba ta fi kankana ba. Suka kwantar da ita a gefe. Ta baya rami ne, kamar cikin tulu, duk shatin yatsun wanda ya danna yumɓun. Dottoressa ta haska ciki, ta daɗe. Sannan ta zagayo ta haska fuskar daga gefe, ta yadda kowane ɗan tudu zai yi inuwa. Alawar bakinta ta daina motsi.

"Zo ki gani," ta ce. "Ba sassaƙa ba ce wannan. Ba a ƙirƙire ta da hannu ba."

"To da me?"

"An ɗauke ta ne daga fuskar mutum. A shafa mai a fuska, a zuba filasta, farin garin nan da ake kwaɓawa, in ta bushe a cire, a danna yumɓu a ciki. Kin ga wannan layin da ya sauko ta kan hanci? Nan ɓangarorin biyu suka haɗu. Ga gashin ido, kin ga yadda ya manne guda uku uku? Mai ne. Ba maginin da zai zauna ya yi wannan."

Ornella ta ce, "Ke nan yarinya ce ta gaske. Ta kwanta aka yi mata."

"Ta gaske ce." Dottoressa ta matsar da fitilar ƙasa. Muryarta cike take da murna, irin ta wanda ya tsinci abin da masana suka shekara ɗari suna wucewa. "Amma dubi hancin. Mai rai in za a ɗauki fuskarsa sai an sa masa kara biyu ya riƙa numfashi, kuma komai dauriyarsa sai ya matse ido, don filasta tana ɗaukar zafi. Wannan ba ta matse komai ba. Hancin ya tsuke. Ga kuma wannan." Ta nuna wani shati mai faɗin yatsa biyu a ƙarƙashin haɓa, inda Ornella ta shekara ashirin da bakwai tana ɗauka wuyan riga ne. "Ƙyalle ne. An ɗaure mata haɓa don kada baki ya buɗe. A mace take, Sinyora. Bai fi kwana ɗaya da mutuwarta ba."

Ornella ta lura hannunta na nan a kan kafaɗar. Ta so ta janye, hannun bai bi ba. Tana jin ƙarar ƙarfen da masu kifi ke ja suna rufe shaguna, tana jin ƙamshin na'ana'a. Dottoressa ta ci gaba: ga gurbin haƙorin gaba da ya faɗi, ana hango shi ta tsakanin leɓe, shekararta shida ke nan ko kusa. Iyayen masu hali ne, su suka sa a yi, don a lokacin ba hoto. Maginin ya ƙara gashi da matashi, ya kuma ɗan cike kumatun da yumɓu don kada su ga ramar.

"Zauna mana, kin yi fari," in ji Dottoressa. "Ba ki karya kumallo ba?"

"Na sha kofi," in ji Ornella. Ta tsaya a inda take.

Dottore Fabbrini ya sauko da gudu har ya manta kwat ɗinsa. Ya zagaya teburin sau biyu yana murza hannuwa. Irin wannan na yaro, ya ce, ana ƙirga su da yatsu a ƙasar baki ɗaya. Za a zo daga jaridu. Za a yi sabuwar takarda, a yi akwatin gilashi, nan da wata ɗaya a kira taro.

"Kafin nan, Sinyora Ornella, baki a rufe. Ko mijinki. Zancen jarirai kuma ya ƙare daga yau."

"In suka zo me zan ce musu, Dottore?"

"Ki ce ana gyara. Ai gaskiya ne."

"Ranar Alhamis Nives za ta kawo jikanta. Ta gaya mini tun a coci."

Nives tsohuwa ce mai shagon kayan ɗinki a bakin layi, ba wanda ke son shiga bakinta. Darakta ya ciro wayarsa. "To, in Nives ce," ya ce, "ni ranar Alhamis ina Firenze. Abin da ban gani ba ban gani ba. Sau ɗaya na ƙarshe ba zai kashe kowa ba."

Ornella ta dube shi. Bai ji abin da ya faɗa ba, ya riga ya koma kan wayarsa.

Ƙarfe ɗaya ta kulle ta tafi gida cin abinci. Duilio, da ya yi ritaya shekara huɗu ke nan, ya ɗumama miyar wake da kabeji, ya yanka burodi. Ta zauna ba ta cire kwat ba. Ta gaya masa duka, layi bayan layi kamar yadda aka nuna mata: gashin ido, hanci, ƙyalle. Ta ce, "Hannun Viola na ɗora a kai, Duilio. Da hannuna. Bayan nata kuma na sauran."

Duilio ya ajiye wuƙar. Bai yi mamaki ba, kuma ta ga bai yi ba.

"Na sani," ya ce.

"Ka san me?"

"Tun makon da kika fara aiki. Ranar da na kawo miki laima."

Ta tuna ranar. Ya shigo jiƙe, ta zagaya da shi tana alfahari da makullanta, a ɗaki na uku ya tsaya, ya juya ya fita. Bai sake taka gidan ba. Ta ɗauka raini ne, na makanike ga mai sharar gumaka, ta riƙe abin a ranta har ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da ba sa magana a kai.

"Ke ba ki ga gawar Viola ba," in ji Duilio, yana kallon tebur. "Likitoci sun yi miki allura, kina kwance a ɗakin gefe. Kafin ki farka sun rufe akwatin saboda ciwon. Ni na riƙe kanta ma'aikaciyar asibiti ta ɗaura ƙyallen. Hancin nan na san shi. Kallo ɗaya na yi."

"Shekara ashirin da bakwai."

"E."

"Kana kallona ina fita kowace safiya, ina dawowa ina ba ka labarin jariran da aka kawo."

"Shekara guda kika yi ba ki sa takalmin fita ba, Ornella. Sai ga ki kina tashi kafin agogo, kina goge riga. Ni zan ce miki me?"

"Gaskiya."

"Ci miyarki, za ta huce."

Ba ta ci ba. Ta dubi hannayensa, masu kaushi, da baƙin mai da bai taɓa fita daga gefen farcen ba. Ba ta taɓa tambayarsa abin da hannayen nan suka yi a wancan ɗakin ba, shi ma bai taɓa faɗa ba. Sun zauna har agogon coci ya buga biyu da rabi.

Talata da Laraba ta buɗe gidan kamar kullum. An mayar da yarinyar kan teburinta, kuncin ba a taɓa ba tukuna. Wasu Jamusawa biyu suka zo, matar ta sa yatsa a baki a ɗaki na uku tana murmushi, kada a tashe ta. Ornella ta tsaya a bakin ƙofa. Yanzu ba ta iya ganin barcin ko ta yi ƙoƙari. Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne yadda abin yake a fili. Ta riƙa auna hanyoyi uku da take da su. Ta ɗaga igiya ta yi shiru, kamar yadda darakta ya ba ta dama. Ta ce ana gyara, Nives ta yi masifa ta tafi. Ko ta faɗa, wanda aka hana ta. Da ta gaya wa Dottoressa damuwarta a waya, sai Dottoressa ta ce, "Ai kuncin da suke taɓawa ƙarin magini ne, ba fatar yarinyar ba." Ornella ta yi godiya ta ajiye wayar. Maganar daidai ce, amma ba ta san uwar da za ta ce wa haka ba.

Ranar Alhamis ƙarfe goma ta ji su a matakala. Nives a gaba tana haki, bayanta Debora matar ɗanta, yarinya 'yar wani gari, idanunta sun faɗa don rashin barci, jariri ɗan wata uku a ƙirjinta yana tsala kuka.

"Ornella, buɗe mana, wannan ɗan ya gaji ubansa. Shi ma sai da na kawo shi sau biyu." Nives ta juya ga surukarta. "Ke kuma daina wannan fuskar. Likitanki mai gemu me ya yi miki? Cire masa safar hannu."

Suka shiga ɗaki na uku. Debora ta zare ɗan hannun daga cikin bargo. Ornella ta sa hannu a kan igiyar, ta bar ta a maƙale.

"Ɗaga mana," in ji Nives. "Ko sai na cika takarda?"

"Debora," in ji Ornella, "kafin ki ɗora, ki san abin da za ki ɗora a kai. Ba barci take ba. Yarinya ce da ta mutu, aka ɗauki siffar fuskarta bayan ta mutu. Ranar Litinin aka gano. In kin ji kuma kina so, zan ɗaga."

Debora ta dubi fuskar, ta dubi Ornella, ta sake duban fuskar. Ta mayar da hannun cikin bargo, ta rufe shi da tafinta, ta ja da baya har ta bugi bango.

"Wace irin magana ce wannan?" in ji Nives. "Ni ma nan aka kawo ni. 'Ya'yana biyar na kawo nan."

"Zo ki duba ƙarƙashin haɓarta."

A baya Nives ce ta wanke gawar mijinta da ta 'yan'uwanta biyu. Ta sa tabarau ta sunkuya. Ta daɗe a sunkuye fiye da yadda bayanta ke yarda. Da ta miƙe ta yi alamar gicciye.

"Kuma kika bari muka hawo da yaro har nan."

"Da na faɗa a ƙasa ba za ki yarda ba."

"Ke da kika binne taki, ba ki gane ba? Shekara nawa kina goge ta?"

"Ban ga tawa ba, Nives."

Debora ta riga ta kai matakala. Nives ta bi ta, tana riƙe da bango.

Kafin azahar labarin ya gama kasuwar kifi. Wata mata da Ornella ta ɗaga wa igiya a watan Janairu ta zo har ƙofa ta tsaya a titi tana tambaya da ƙarfi ko gaskiya ne, da aka ce gaskiya ne ta tafi tana kuka. Darakta ya bugo daga Firenze, ya yi minti goma yana magana, ya ce zai sa takardar gargaɗi a fayil ɗinta, ta lalata masa taro, wani ɗan jaridar gari ya riga ya kira shi. Ornella ta ce, "To, Dottore." Takardar ta zo bayan mako guda, ita ce ta farko a aikinta. Debora kuwa har yau in ta hango ta sai ta tsallaka ɗaya gefen titi. Ba a sake kawo jariri Tinghi ba.

Ranar Asabar da yamma, saura rabin awa a rufe, Nives ta hawo ita kaɗai, da baƙin mayafinta na coci. Ba ta gaishe da Ornella ba. Ta wuce ɗaki na uku ta tsaya a bayan igiya, hannuwanta a kan jakarta.

"Ya yi barci?" in ji Ornella daga ƙofa.

"Ina fa. Uwar ta tafi gidansu da shi ta yi 'yan kwanaki, wai unguwarmu ta mahaukata ce." Nives ba ta juyo ba. "Shekararta nawa?"

"Shida. Haƙorinta na gaba ya faɗi."

"'Yar wa ce?"

"Ba a sani ba. Dottoressa ta ce da wuya a gano."

"Muna ta kawo mata namu tana lallashi, ba wanda ya taɓa kunna mata kyandir ɗaya." Nives ta gyara mayafi. "Zan je coci wurin fada ya yi mata addu'ar mamata ranar Lahadi. Zai ce in ba shi suna, na san shi. In sa na Viola, a haɗa su?"

"A'a. Viola tana da tata, a watan Maris."

"To me zan ce masa?"

"Ki ce yarinyar ɗaki na uku."

"Zai yi gardama."

"Ki ce in ji ni."

"In ya yi gardama na san uwarsa," in ji Nives. "Ita ma sai da ta hawo da shi nan, yana ihu kamar akuya. Kashe fitilar nan ki rako ni, matakalarku za ta karya mutum."